Ranar da Kafaɗa Ya Buɗe Hoto

Ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya da Marigayi, Allah ya jiƙansa. Lokacin da aka kawo ni gidan nan yana ɗan makaranta, dogo siriri, ni nake rufe masa abinci idan ya yi yamma a wajen ƙwallo. Yanzu furfura ta cika masa gemu, amma har gobe Yaya yake ce mini, ni kuma ina kiransa da sunan da duk gari ke kiransa, Kafaɗa.

Aikinsa ne ya raɗa masa sunan. Mai ɗaukar hoto ne a gidan talabijin na jiha, kuma tun da ya fara aiki kyamara a kafaɗarsa ta dama take wuni. A hankali kafaɗar ta sauka, ta hagu ta ɗaga. Telansa ma ya sani, kullum sai ya rage hannun riga na dama, in ba haka ba ya rufe masa yatsu. Ni nake ɗinka masa ɗan matashi da auduga da guntun yadi, yana sa shi a ƙarƙashin riga don kada ƙarfen ya ci masa ƙashi. Idan wannan ya lotse in ɗinka wani.

Ban yi karatu mai nisa ba, iyakacina in karanta abin da ya sawwaƙa in rubuta. Amma kallon labarai kam na iya, domin a hannun mai shi na koya. Talabijin ɗin Marigayi a ɗakina take, shi ya sa bayan sallar isha'i nan gidan yake taruwa: ni a kan dardumata da carbi, matar Kafaɗa a bakin gado, autarsu a ƙasa, shi kuma a bakin ƙofa ya miƙe dogayen ƙafafunsa, duk mai shiga sai ya tsallake.

"Yaya, ki daina kallon mai magana," in ji shi. "Mai magana kowa ya gan shi. Ki riƙa duba gefe-gefen hoton, nan aikina yake."

Tun daga nan idona ya saba da gefe. Da haka na gane aikin nasa ba riƙe kyamara ba ne kawai. Majalisar dokoki aka ba shi, wani lokaci har da gidan gwamnati, kuma mutanen can kishinsu a kan hoto yake. Kwamishinan ayyuka ya taɓa aiko direbansa har ƙofar gidan nan ya ji dalilin da aka nuna na lafiya sau biyu, shi sau ɗaya, sau ɗayan ma yana hamma. Wani ɗan majalisa kuma ya ce a daina ɗaukarsa ta hagu, wai ta nan hancinsa ya fi girma. Duk Kafaɗa ya haddace: wane ba a nuna shi yana barci, wane ba a haɗa shi hoto ɗaya da wane, sun yi faɗa a jam'iyya.

Babban gwanintarsa kuwa ita ce cika zaure. Sau da yawa 'yan majalisar ba sa zuwa, sai ka ga kujeru fayau. Kafin a fara zama sai ya sauka ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan matso nan, haske ya fi kyau ta wannan gefen." Su kuwa da jin haske sai su matso, su cunkushe a lungu ɗaya. Shi kuma ya matse hoton a kan lungun, kada kujera ɗaya da babu kowa ta shigo.

"Ki ba ni mutum bakwai, Yaya, in cika miki majalisa maƙil," yakan ce, yana dariya.

Na taɓa tambayarsa ko wannan ba ya cikin ha'inci. Ya ce shi bai ƙara kowa ba, bai rage kowa ba, iyaka dai ya zaɓi inda zai duba. Na bar wa Allah sani.

To, ba shi kaɗai yake zuwa majalisar ba. Akwai abokin tafiyarsa, mai riƙe abin magana, wanda shi ake gani a hoton. Kullum mai karanta labarai takan ce, "Ga wakilinmu da ƙarin bayani," har gari ya manta sunansa na yanka, kowa Wakilinmu yake ce masa. A shekara ɗaya aka ɗauke su aiki, shi da Kafaɗa. Murya Allah ya ba shi, idan yana magana sai ka ajiye abin da kake yi. Tsawo ne dai bai samu ba. Idan suka jera da Kafaɗa, hularsa a daidai aljihun Kafaɗa take tsayawa.

Saboda haka akwai wani baƙin akwatin batir mai ƙarfe a kusurwoyinsa, wanda Kafaɗa yake ɗauka duk inda za su. Idan lokacin rufe rahoto ya yi, ya ajiye akwatin, Wakilinmu ya hau, shi kuma ya ɗan lanƙwasa gwiwa ya yanke hoton daga ƙirji. Sai ka ga mutum a tsaye gangariya, kafaɗa da kafaɗa da kakakin majalisa. Waɗanda suka haɗu da shi a hanya sukan ce ashe talabijin tana ƙara wa mutum tsawo. Ban da ma'aikatan gidan talabijin da mu 'yan gida, babu wanda ya san da akwatin.

Kada in ɗauki alhakinsa, Wakilinmu ba mugun mutum ba ne. Ranar da Marigayi ya rasu shi ya fara isowa, shi ya tafi ƙarshe. Yaya yake ce mini shi ma, kuma ba ya shigo ɗakina da takalmi. Mantuwa ce dai da shi, irin ta wanda ya saba a gaishe shi.

Ban san ranar da abin ya fara tsiro a zuciyar Kafaɗa ba. Na dai lura ya daina kallon labarai da baki a rufe. Wakilinmu na fara magana sai ka ji shi daga bakin ƙofa: "Ji shi. Wannan maganar ni na faɗa masa a mota." Ko kuma, "Hular nan ta yi masa yawa, kamar an kife ƙwarya a kan tulu." Ya ba ni labarin masu gadin gidan gwamnati: su sara wa Wakilinmu, shi kuma su zazzage masa jaka kullum, kamar yau suka fara ganinsa. Matarsa ma ba ta taimaka ba.

"Baban Auta, ka san matar Wakilinmu ba ta bin layi a asibiti? Jiya ina zaune tun safe ta zo ta wuce ni, har da ɗaga mini hannu."

"To ki je ki aure shi mana."

"In sa shi a ina, a aljihu?"

Aka yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba. Da can akan jera sunayen ma'aikata a ƙarshen labarai, suna gudu sama kamar ana korarsu. Auta takan tsaya a gaban talabijin da yatsa tana jiran na babanta, ta cafke shi ta yi ihu. Da aka yi sabon manaja sai ya cire su, ya sa sanarwar gwamnati a gurbin. Daren farko yarinyar ta tsaya da yatsanta a sama har aka gama. Kafaɗa ya tashi ya fita bai ce sai da safe ba.

Sai ga shekarar ambaliya. Unguwannin bakin kogi suka nutse, aka tura Kafaɗa da Wakilinmu. Kafaɗa ya shiga ruwa har ƙirji, kyamara a ka, ya ɗauko wata tsohuwa ana fito da ita a kan ƙyauren ɗakinta, ya ɗauko buhunan hatsi suna yawo a tsakar gida. Duk wanda ya ga hoton nan sai da ya yi hawaye. Wakilinmu a kan rufin mota ya tsaya ya yi bayani, takalminsa ko jiƙa bai yi ba. Kafaɗa ya dawo da zazzaɓi, ni na yi ta dafa masa ruwan zafi.

Da gwamna ya tashi ba da lambar yabo a kan rahoton, Wakilinmu aka kira. Kafaɗa aka tura ya ɗauko bikin. Da dare muka zauna kallo. Ga Wakilinmu da lamba a hannu yana godiya. Ya gode wa Allah, ya gode wa iyayensa, ya gode wa mai girma gwamna da manaja da uwargidansa. Na saci kallon Kafaɗa, na ga ya janye ƙafafunsa ya gyara zama.

"Ba zan manta da direban da ya kai ni wurin ba," in ji Wakilinmu, "da sauran abokan aiki."

Kafaɗa ya buga ƙirjinsa a hankali.

"Ku gaishe ni, ni ne sauran."

Bayan haka ba da daɗewa ba Auta ta ƙara masa gishiri a ciwon, ba da saninta ba. A makaranta aka ce kowa ya yi hira da mai wata sana'a, ita ta zaɓi ɗan jarida. Ta same shi yana goge idon kyamara a tsakar gida.

"Baba, don Allah ka kai ni wajen Baba Wakilinmu."

"Ki yi masa me?"

"An ce mu yi hira da mai sana'a, ni ɗan jarida na zaɓa."

"Ni kuma fa? Gawayi nake sayarwa?"

"Kai, Baba! Kai ai kyamara kake riƙe masa."

Ya kai ta, har shi ya ɗaukar mata hirar da wayarta, ta kuwa yi kyau. Amma daga ranar abincinsa ya ragu. Da na ga haka na kira shi ɗakina bayan la'asar.

"Kafaɗa, ka yawaita istigfari. Abin nan yana cinka kamar gara."

"Yaya, ni ba hassada nake yi masa ba. Allah ya ƙara masa."

"Bakinka ne ya faɗa."

Sannan ya ce, "Na kusa ajiye aikin nan. So nake sau ɗaya tak, kafin in tafi, a ce ga wanda ya yi. Ko a gan ni, ko a faɗi sunana. Na roƙi abu mai yawa?"

Ban iya ce masa e ba. Gaskiya ni ma, duk da carbin da ke hannuna, idan na ga Wakilinmu yana sheƙi a hoto sai in tuna matasan kafaɗar da na ɗinka, haushi ya kama ni.

A wannan shekarar ne famfunan gari suka ƙafe. Aka sanar majalisa za ta zauna a kan maganar ruwa, kuma za a nuna zaman kai tsaye da hantsi. Da safe motar gidan talabijin ta tsaya a ƙofar gida. Wakilinmu ya leƙo ta taga ya ƙwala kira.

"Dogo, yi sauri! Kada ka manta da akwatina!"

Kafaɗa na tsugune yana ɗaura takalmi. Ya ɗago ya dube ni.

"Kin ji, Yaya? Akwatin ma ya zama nasa."

Ya ɗauka ya fita. Na bi shi da addu'a, domin ban ji daɗin yadda ya riƙe akwatin ba.

Da hantsi ɗakina ya cika da matan maƙwabta, wasu da bokitansu a hannu, sun dawo daga neman ruwa. Aka fara. Hoton kamar kullum: kakaki a kujerarsa, 'yan majalisa a cunkushe, ana ta "mai girma kakaki". Daga baya muka ji yawancinsu sun tafi filin jirgi tarbar wani babba na jam'iyya, 'yan kaɗan ne suka zo, Kafaɗa ya tara su a lungun da ya saba. Can sai aka koma kan Wakilinmu. Yana tsaye a barandar sama inda 'yan jarida ke tsayawa, ya ba zauren baya, ya jingina da ƙarfen baranda. Ya yi bayaninsa, ya kawo inda yakan ce, "Masu kallo, ga wakilanku nan a bakin aiki." A nan ne kullum Kafaɗa yake zame hoton daga fuskarsa ya kai shi kan lungun da ya cika.

Ran nan bai zame ba. Hoton ya fara buɗewa a hankali, yana ja da baya. Cikin Wakilinmu ya fito, gwiwoyinsa suka fito, ga takalmansa a kan baƙin akwati, wandonsa na lilo bai kai ƙasa ba. Ta bayansa kuwa, ta tsakanin ƙarafan baranda, ga zauren majalisa gaba ɗaya: kujeru jere-jere babu kowa, sai 'yan mutane a lungu ɗaya kamar kaji sun ji ruwan sama. Ni da idona ya saba da gefe na ga wani abu kuma. A can ƙarshen hoton akwai ƙofar gilashi a buɗe, a jikin gilashin ga inuwar wani dogon mutum da kyamara, kafaɗa ɗaya a sauke.

Kafin in ce wani abu hoton ya ɗauke, aka sa kiɗa. Ɗakina ya kaure.

"Kun gani? Babu kowa! A kan maganar ruwanmu!"

"Allah ya yi wa Wakilinmu albarka! Wannan shi ne namiji!"

"Ya tona musu asiri, wallahi!"

Wata mai ido ta ce ta ga kamar a kan wani abu yake tsaye. Aka ce mata ai hawa ya yi don ya leƙa da kyau ya tabbatar. Kafin azahar guntun hoton ya shiga wayoyin mutane, har Auta ta dawo da shi daga makaranta.

Kafaɗa bai shigo ba sai bayan magariba. Ya wuce ɗakinsa, ya dawo, ya tsaya a ƙofata da akwatin a hannu kamar bai san inda zai ajiye shi ba. Na ce ya shigo.

"Akwatin kake so a gani," na ce.

Ya zauna a ƙasa. "Shi kaɗai, Yaya. Na ce bari su ga gwarzon nasu a kan me yake tsaye. Idona na kan takalminsa. Na manta da kujerun. Ni da na yi shekara da shekaru ina ɓoye su, wallahi ko tunawa ban yi ba."

"To, ga shi an gani."

"An ga me? Tun daga majalisa har nan, duk inda motar ta tsaya sai an miƙo masa hannu ta taga. Wani har shayi ya saya masa. Ni ina baya da kaya a cinya."

Na so in ce masa hassada ga mai rabo taki ce, na ga ba ranar karin magana ba ce. Maganar gilashin ma na haɗiye ta, don a yadda yake ko zuma aka ba shi ɗaci zai ji.

Ofishin kakaki ya fusata. Aka kafa kwamiti a gidan talabijin, aka ce su biyu su bayyana. Matar Kafaɗa ta wuni tana kuka, tana cewa za a kore shi ana saura ƙiris ya huta, su ci me, karatun Auta fa. Shi kuwa sai na ga ya warware. Ya sa aka goge masa babbar rigarsa, ya je aka gyara masa gemu.

"Zan ce ni ne," ya ce mini da safe. "Su kore ni. Amma dole su rubuta sunana, dole a karanta shi a labarai: wane ne ya buɗe hoton. Gari ya san hannun wa ya yi."

"Iyalinka fa?"

"Allah na nan."

Na ce Allah na nan kam, amma bai ce mutum ya jefa kansa rijiya don a san ya iya faɗawa ba. Bai saurare ni ba.

Kafin azahar ya dawo. Ya cire babbar rigar ya wurgar a kan igiya. Matarsa ta fito da hannu a ka.

"Sun kore ka?"

"Ina fa!"

A bakinsa na ji yadda aka yi. Suna shiga, ga manaja ga mutumin ofishin kakaki. Kafin a gama tambaya Wakilinmu ya miƙe ya ce shi ya ba da umarni, mai kyamara abin da aka ce masa yake yi. Kafaɗa ya zabura ya ce ƙarya ne, shi ya yi da hannunsa, babu wanda ya sa shi. Manaja ya yi murmushi ya ce, "Zauna, Kafaɗa. Mun san ka, ba ka taɓa yin wani abu da kanka ba. Kada ka ce za ka rufa wa abokinka asiri." Har mutumin kakaki ya yaba masa da amana. Aka cire Wakilinmu daga majalisa aka mayar da shi shirin manoma. Kafaɗa aka ce ya koma bakin aikinsa.

Matarsa ta yi ta hamdala. Shi kuwa ya tsaya a tsakar gida yana huci.

"Laifin ma ya ƙwace, Yaya! Abu ɗaya na yi a rayuwata da kaina, shi ma ya sa a aljihu!"

Cire Wakilinmu da aka yi sai ya ƙara masa daraja. Direbobi suka riƙa rubuta laƙabinsa a bayan motocinsu. Zaman majalisa na gaba kuwa ya cika har babu wurin sa ƙafa, aka fara kawo ruwa a tankoki. Wanda aka haɗa Kafaɗa da shi dogo ne, ba ya buƙatar hawa komai, sai akwatin ya zauna a ɗakina ina ɗora buta a kai. Kafaɗa ya daina zuwa kallon labarai. Idan wayarsa ta yi ƙara ya ga Wakilinmu ne, sai ya kife ta.

Wata ranar hutu bayan la'asar sai ga sallama. Wakilinmu ne, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni. Ya yi baƙi, rana ta gasa shi a gonaki. Ya ga akwatin, ya sauke butar ya zauna a kai. Na aika Auta ta kira babanta. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai miƙa hannu ba.

"Gwarzo ne da kansa? An zo karɓar gaisuwa?"

"Na zo ganin marar kunyar da ya so nuna wa duniya takalmina."

Kafaɗa ya yi turus. "Ka sani?"

"Haba, Dogo. Tun muna samari nake kallon hannunka. Yatsanka na motsawa na san inda za ka. Na ce yau kam mutumina ya gaji da ni."

"To me ya sa ka ce kai ne?"

"Kai in aka kore ka wa zai tambaya? Ni kuwa ba za su iya ba, gari zai yi magana."

Kafaɗa ya juyo wajena. "Kin ji ko, Yaya? Taimakon ma sai da gori."

"Gaskiya ce, ba gori ba," in ji Wakilinmu. Ya sosa ƙeya. "Ranar lambar nan ce, ko? Wallahi ina kallon kyamara ina magana, kai ne a bayanta. Sai na ji kamar da kai nake hira. Bai zo mini ba."

"Direba ya zo maka."

"Direba ya rantse zai bar ni a ruwa in ban ambace shi ba."

Ni na yi dariya, Auta ma. Kafaɗa ya cije tasa.

"Wanda suka ba ni yanzu yanke mini kai yake yi," Wakilinmu ya ci gaba. "Jiya ya ɗauke ni kusa da saniya, saniyar ta fi ni tsawo. Ka nemi a maido ka wajena."

"In bar majalisa in bi ka cikin kashin shanu? Don a sake ba ka lamba?"

"Wannan karon zan ambace ka kafin direba."

"Riƙe abinka."

Na ga za su wuni a haka, sai na ce wa Auta ta kawo wayarta ta buɗe hoton ranar. Kafaɗa ya ce shi ba ya kallo, bai taɓa kallo ba, ba kuma zai fara yau ba.

"Kai ka koya mini duba gefe," na ce. "Zo ka duba."

Ya matso da ƙyar. Na ce wa yarinyar ta tsayar da hoton a inda ya gama buɗewa, ta ja ƙarshensa da yatsu ya girma. Ga ƙofar gilashi, ga inuwar a jiki, dishi-dishi.

Auta ce ta fara ihu. "Baba ne! Inna, wallahi Baba ne! Baba, ka fito a talabijin!"

"Wannan ai kowa ne," in ji shi, amma ya karɓi wayar.

"Kafaɗar wa ta karkace haka a garin nan?" na ce.

Ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Wakilinmu ya hau kan akwatin ya leƙa ta saman hannunsa.

"Kai ne, Dogo. Duk wanda ke da hoton nan a waya yana yawo da kai a aljihu."

"Babu wanda ya gani."

"Yaya ta gani. Ga 'yarka ta gani."

Auta ta ce gobe sai ta nuna wa duk 'yan ajinsu da malaminsu. Kafaɗa bai ɗauke ido daga wayar ba. Ya daɗe yana kallo, yana shafa kafaɗarsa ta dama a inda matashin yake. Sannan ya miƙa mata wayar.

"Tura mini shi a tawa." Ya harari Wakilinmu. "Amma dubi yadda ka tare rabin hoton. Sauka daga kan akwatina."